Asusun da Ba a Fasawa Sai an Tsufa

Kafin kalmar asusu ta koma banki ta zauna, a ɗakin uwa muka san ta. Ɗan ƙaramin tulu ne na yumɓu, maginiya ta toshe bakinsa ta bar 'yar tsaga daidai wucewar kwabo. Yaro ya jefa sisinsa na talla ko na tukwicin aike, ya girgiza ya ji ƙara, amma hannunsa ba ya shiga. Sai salla ta matso a fasa, a zube a tabarma a ƙirga. Wadda ta gina abin nan ta san halin ɗan'adam, ta san cewa ɓarawon da ya fi addabar ajiya shi ne mai ajiyar.

Asusun fansho na mutum ɗaya, wanda ma'aikata ke kira RSA, jikan wannan tulu ne. Ana jefawa duk wata, ba a zarowa, kuma ba a fasawa sai mai shi ya kai shekara 50 ya kuma ajiye aiki. Abu biyu aka ƙara masa. Kuɗin ba ya kwana a ciki, juya shi ake yi. Gwamnati kuma ta yi alkawarin janye hannunta na haraji daga kansa. Da wannan alkawari aka fi tallata abin a ƙasashen da ya yi ƙarfi. Ina so mu auna shi da mudun Kankiya da Kusada na jihar Katsina mu ga inda zai kawo.

In ka tsaya da safe a bakin titin Kano zuwa Katsina cikin garin Kankiya, masu wuce ka kashi uku ne a kan wannan magana. Akwai 'yan tsiraru da ake cire wa kuɗin ko suna so ko ba sa so: ɗan sanda, ma'aikacin banki, malamin jami'ar tarayya ta Dutsin-Ma da ya zo gida hutun ƙarshen mako. Akwai malaman firamare da ma'aikatan babban asibiti da na makarantar koyon aikin lafiya da na sakatariyar ƙaramar hukuma, waɗanda suka yi shekaru a tsohon tsarin jiha na fansho da giratuti. Sai kashi na uku da ya ninka biyun farko ninkin-ba-ninkin: manomi, tela, ɗan acaɓa, mai shayi, dillalin shanu, matar da ke tuyar ƙuli-ƙuli a cikin gida. Waɗannan babu takardar da ke sallamarsu daga aiki. Ranar da gwiwa ta ƙi, ranar ce ritayarsu.

Da can su ma suna da fanshonsu, sunansa gandu. Uba ya noma gona da 'ya'yansa, ƙarfinsa na raguwa nasu na ƙaruwa, har ya koma gindin bishiya yana ba da umarni ana kawo masa tuwo. Rumbu na tsaye, saniya na wajen Bafulatanin da aka amince wa, tsohuwa na da awakinta. Wannan gini bai rushe ba, amma ya tsattsage. Gonar da mutum ɗaya ya noma a zamanin gyaɗa an raba ta gida takwas, jikokin kuma rabinsu na Legas ko Abuja suna fama da kuɗin haya. Ɗan da ake sa ran zai ɗauki uba, shi ma ɗauka yake nema.

Fanshon gwamnati na da, wanda ya samo asali tun zamanin Turawa, alkawari ne zalla. Ba a ajiye wa ma'aikaci ko kwabo da sunansa. In ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, sai a lissafa masa giratuti da fansho bisa albashinsa na ƙarshe, a biya daga kasafin shekarar da ake ciki. In da kuɗi a baitulmali, madalla. In babu, ya bi layi. Na taso na ga kawuna, tsohon hedimasta, yana da wata jakar leda da ba ta rabuwa da shi, cike da takardun kama aiki da na ƙarin girma da na sallama. Duk lokacin da aka kira tantancewa sai ya hau mota tun asuba. Na taɓa ce masa, "Kawu, ba an tantance ku bara ba?" Ya ce, "Yaro, ai so suke su ga ko na mutu."

Lokacin da bashin fanshon gwamnatin tarayya ya kai kusan naira tiriliyan 2 bisa kiyasin wancan zamani, gwamnatin Olusegun Obasanjo ta kawo dokar gyaran fansho ta 2004. An kwaikwayi ƙasar Chile, wadda ta koma asusun mutum ɗaya tun 1981. Da farko ma'aikaci na ba da kashi 7.5 cikin ɗari, ma'aikatarsa ta ba da 7.5. Dokar 2014, wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu, ta mai da na ma'aikaci kashi 8, na ma'aikata kashi 10. Ana lissafin a kan gundarin albashi da alawus na gida da na sufuri. Kuɗin kan bi ta hannu uku da aka raba da gangan: kamfanin da ke yanke shawarar inda za a juya shi, wani kamfanin daban da kuɗin ke hannunsa a ajiye, sai hukumar PenCom da ke sa ido a kan su biyun. Mai juyawa ba ya riƙewa, mai riƙewa ba ya juyawa. Asusun na da lamba guda da ke bin mutum duk inda ya koma aiki, kuma tun Nuwamban 2020 yana iya sauya kamfani sau ɗaya a shekara in bai gamsu ba. A 2024 dukiyar da ta taru a tsarin ta haura naira tiriliyan 20, asusun da aka buɗe sun wuce miliyan 10.

Dokar tarayya ba ta hawa kan ma'aikacin jiha sai majalisar jiharsa ta yi tata. Jigawa ta kama hanyarta tun 2001 da asusun haɗaka wanda ma'aikaci da gwamnati ke zubawa tare, Kano ta yi makamancin haka a 2006, Kaduna ta shiga tsarin asusun mutum ɗaya a 2017. Katsina ta daɗe a tsohon tsari. Gwamnatin Dikko Umaru Radda da ta hau a 2023 ta taras da bashin giratuti na biliyoyin naira, ta shiga biya, ta kuma ɗauko maganar sauya fasalin fanshon gaba ɗaya. Don haka malamin firamare na Kusada da ke ganin zancen nan na ma'aikatan tarayya ne, gara ya fara saurare.

Yanzu harajin. Kuɗin ajiyar tsufa na wuce ƙofa uku: ranar shiga, tsawon zaman da yake yi yana haihuwa, da ranar fita. A kowace ƙofa mai karɓar haraji na iya tsayawa. Amurka, inda aka fara asusun da suke kira IRA a 1974, ta ɗaga wa mai ajiya ƙafa a ƙofar shiga da ta zama, ta jira shi a ƙofar fita. A 1997 aka ƙaro wani iri mai sunan Sanata William Roth, wanda ake biyan harajin tun a shiga, a fita salin-alin. A can akwai iyakar abin da mutum zai zuba a shekara, dala 7,000 a 2024 ga wanda bai kai shekara 50 ba, kuma wanda ya fasa asusunsa kafin shekara 59 da rabi galibi sai ya biya tarar kashi 10. Dokarmu ta 2014 ta fi wannan sassauci. Abin da aka cire wa ma'aikaci ba ya shiga lissafin harajin albashinsa, ribar da kuɗin ya haifa ba a taɓa ta, fanshon da za a riƙa biyansa ma ba a cire masa komai. Ƙofa ukun duk a buɗe.

A takarda kyauta ce babba. Amma rangwamen haraji kamar ragin da ɗan kasuwa ke yi ne, sai wanda ya zo saye yake amfana. A sabuwar dokar haraji da Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. Abin da ya biyo baya har zuwa miliyan 3 ana karɓar kashi 15, daga nan ya riƙa hawa har kashi 25 ga masu samun sama da miliyan 50. Mu ƙaddara ma'aikaci mai albashin 150,000 a wata, wanda ake lissafa fanshonsa a kan 100,000. Ana cire masa 8,000, ma'aikatarsa ta ɗora 10,000. A shekara nasa ya kama 96,000, harajin da ya tsira daga biya kuwa 14,400, wato 1,200 a wata, kuɗin katin waya. Mai albashi mafi ƙanƙanta, 70,000, dama ba a karɓar komai daga gare shi, saboda haka ba a yafe masa komai ba. Wanda kuwa samunsa na shekara ke tsakanin miliyan 12 da 25, duk naira ɗari da ya jefa a asusun gwamnati ta bar masa 21. Ruwan ya fi zuba inda dama da danshi.

Manyan ma'aikata sun gane wannan da wuri. Doka ta yarda mutum ya ƙara zubi na ganin dama a kan na dole, ta hanyar albashinsa. Sai wasu suka riƙa tura kaso mai tsoka na albashi cikin asusun don ya kauce wa haraji, su dawo bayan ɗan lokaci su kwashe. A 2017 hukumomin haraji, Legas a kan gaba, suka yi ca, PenCom ta ɗaure igiyar: rabin zubin ganin dama ya zauna sai ritaya, rabi a iya ɗiba bayan wa'adi. Dokar kanta ta ce wanda ya ɗiba kafin shekara biyar zai biya haraji a kan ribar. Ga ma'aikacin Kankiya mai matsakaicin albashi, ribar gaske da ke cikin tsarin ita ce 10,000 ɗin nan ta ma'aikatarsa. Kuɗi ne da ba zai gani ba in babu asusun, kuma ya fi rangwamen harajin sau takwas.

Telan bakin kasuwa fa, wanda ba shi da ma'aikatar da za ta ɗora masa? Dominsa aka yi ƙaramin tsarin fansho da Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Maris 2019, ga masu sana'ar kansu da masu aiki a wurin da bai kai ma'aikata uku ba. Duk mai shekara 18 zai iya buɗewa, ya zuba kullum ko mako-mako ko duk sanda ya samu. Yadda aka fara shi, kashi 40 na abin da ya zuba yana iya ɗiba in larura ta taso, kashi 60 a kulle sai tsufa. A 2025 hukumar ta sauya masa suna da fasali don jawo mutane, domin zuwa ƙarshen 2024 waɗanda suka yi rajista a duk faɗin ƙasar ba su kai 200,000 ba, da yawansu ma sun buɗe ne ba su zuba komai ba. In ka je wa telan nan da maganar rangwamen haraji, dariya zai yi. Harajin da ya sani shi ne tikitin kasuwa da kuɗin ƙungiya da na shara, kuma babu asusun da ke kare shi daga waɗannan.

To me ya rage masa a ciki? Makullin. Ni a ganina shi ne duk abin da tsarin ke sayarwa a irin garuruwanmu, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Kowa ya san yadda kuɗi ke narkewa a hannun mutumin kirki. Ka tara dubu ɗari biyu, ƙanwarka za ta aurar da 'ya, maƙwabci an kwantar da matarsa a asibiti, ɗan wanka an kore shi kuɗin jarrabawa. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kuma babu wanda za ka kalli idonsa ka ce babu alhali akwai. Shi ya sa mutanenmu ke gaggawar mai da kuɗi abin da ba ya gutsuruwa. Ana sayen ɗan maraƙi a kasuwar Charanchi a turke, don ba a yankar ƙafa ɗaya a ba mai biki. Ana shiga adashi, don in an zo roƙo a ce kuɗin na wajen uwar adashi, kwasata sai wata uku. Duk dabarun kare ajiya ne daga kunya da tausayi. Asusun fansho ya fi su ƙarfin makulli, domin ko kai ka je kana kuka ba za a buɗe maka kason tsufa ba. Mata musamman, waɗanda jarinsu ya fi saurin zama kuɗin cefane, su ne wannan zai fi yi wa rana.

Sai dai tulun yumɓu gara ba ta cin abin da ke ciki, wannan kuwa tana ci. Garar ita ce hauhawar farashi. A 2011 albashi mafi ƙanƙanta naira 18,000 ne, dala ɗaya kuma wajen naira 150. A 2024 dala ta haura 1,500, kuma a Disambar shekarar hukumar ƙididdiga ta ce hauhawar farashi ta kai kusan kashi 35 cikin ɗari. Wanda aka cire wa dubu biyu a wata a 2011, ya zuba kuɗin da ke da nauyi a lokacin, zai karɓi kuɗin da ya yi sakayau. Lissafin ba shi da wuya. In kamfani ya juya maka naira 100 ta zama 115 a shekarar da kayan naira 100 suka koma 130, saƙon da zai shigo wayarka zai nuna ƙari, kwanonka kuma zai nuna ragi. Shekarun bayan cire tallafin mai da sakin darajar naira a 2023 irin wannan suka yi wa masu asusu. Rangwamen 1,200 a wata ba ya toshe wannan rami.

A nan duk dattijon Kusada da ya ce gara gona yana da hujja. Fegin da aka saya a bakin titi shekara goma sha biyar da suka wuce ya bi farashi ya hau, kuma an ci amfaninsa duk damina. Ban ga dalilin da zai sa mutum ya sayar da gona ya zuba a asusu ba. Amma kada mu manta abin da shekarun nan suka koya mana game da dukiyar da ido ke gani. Garken da aka tara shekara ashirin ana kora shi dare ɗaya, jihar Katsina ta ga wannan fiye da yadda baki zai faɗa. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama saboda tsaro, har da Charanchi, mai sa ya wayi gari da dukiya a turke ba inda zai kai ta. Masu ɓoye takardun kuɗi a gida sun ji jiki lokacin canjin kuɗi a farkon 2023. Masu sayen hatsi da kaka su ajiye sun ci riba a 2024, da yawansu kuma suka tafka asara da farashi ya faɗo a 2025. Kowace ajiya da ɓarawonta. Asusun fansho yana da wata fa'ida da gona ba ta da ita: yana karɓar ɗari biyar. Babu mai sayar maka da gonar ɗari biyar.

Akwai tambayar da ake yi a zaure kafin duk waɗannan, kuma masu tallar fansho kan yi sauri su wuce ta: ina ake juya kuɗin? Fiye da rabinsa gwamnatin tarayya ake ranta wa ta hanyar takardun lamuni, ita kuma tana biya da kuɗin ruwa. Ga Musulmin da ya ƙi ajiyar banki mai ruwa duk rayuwarsa, wannan ya isa ya rufe zancen. Tun 2018 aka kasa kuɗin fansho rukuni-rukuni bisa shekarun mai shi, matasa a inda ake ɗan yin kasada, masu shekara 50 zuwa sama a inda aka fi lallaɓawa. A 2021 aka buɗe rukuni na shida, wanda babu kuɗin ruwa a cikinsa. Ana zuba shi a sukuk, irin wanda gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 na naira biliyan 100 don gina hanyoyi, da hannun jarin kamfanonin da sana'arsu ta halatta. Ba a kai mutum can sai ya nema da kansa. Na sha haɗuwa da ma'aikatan da ke ƙorafin ana cakuɗa musu dukiya da haram, ba su taɓa jin cewa takarda ɗaya za su cike a mai da su ba. Batun zakka a kan kuɗin da mai shi ba ya iya taɓawa kuwa, malamai sun saɓa. Wasu sun ce sai ya karɓa ya shiga hannunsa, wasu sun ce a lissafa tun yana can. Wannan na malamin mutum ne.

Sai amana. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Mutanen da suka ji shari'ar Abdulrasheed Maina, wanda kotu ta ɗaure shekara takwas a Nuwamban 2021 kan kuɗin fansho, ba za ka ga laifinsu ba in suka ce duk kanwar ja ce. Gaskiyar ita ce waccan ɓarna a tsohon tsari aka yi ta, inda kuɗi ke jibge wuri ɗaya da sunayen bogi. Sabon tsarin ya fi wuyar sata, raunin nasa a wani wuri yake. Doka ta ce ma'aikata ta tura kuɗin cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi, in ta ƙi a ci ta tarar aƙalla kashi 2 duk wata. Duk da haka akwai masu cirewa a takardar albashi su danne. Gwamnatin tarayya kanta ta sha jinkirta biyan haƙƙin shekarun da ma'aikata suka yi kafin 2004, har mutum ya yi ritaya ya shekara bai ga kwabo ba, sai a 2025 ta amince da lamunin naira biliyan 758 don share irin wannan bashi. Sojoji da jami'an leƙen asiri an fitar da su daga tsarin tun 2011, 'yan sandan da suka yi ritaya kuma sun yi ta zanga-zangar a fitar da su su ma. Kukansu a fili yake: albashin da aka yi shekaru ana cire kason daga cikinsa ƙarami ne, don haka abin da ya taru ƙarami ne. Asusu ba ya haifar abin da ba a jefa ba.

Ranar fasawa ma ba irin ta salla ba ce, ba a zube maka duka a tabarma. Za a ba ka wani kaso a dunƙule, sauran ka zaɓi ɗayan biyu. Ko kamfaninka ya riƙa yanko maka duk wata daga abin da ya rage yana ci gaba da juya shi, ko ka miƙa wa kamfanin inshora ya ɗauki nauyin biyanka har ƙarshen rai. Bambancin da ya fi damun Bahaushe a nan gado ne. A hanya ta farko, in mutum ya rasu abin da ya saura na magada ne. A ta biyu an lamunce shekara goma, in ya rasu a cikinsu magada su karɓi ragowar, in ya wuce su babu abin da za a raba. Wanda tsawon rai ya fi ba shi tsoro sai ya kama ta biyu, wanda ke da ƙananan yara sai ya duba ta farko. Sunan da aka rubuta a fom a matsayin makusanci kuma ba ya mai da mutum mai dukiyar. Sai an kawo takardar kotu, a raba yadda shari'a ta tsara. Gidaje da yawa sun ɓaci a kan rashin sanin wannan.

Wannan yanka-yanka shi ne abin da ma'aikatanmu suka fi ƙi, na kuma fahimce su. Giratuti a dunƙule shi ne kuɗin rufin gida, shi ne kujerar Makka, shi ne kayan ɗakin 'yar auta. Amma duk wanda ya zauna a Kankiya ya san tsohon ma'aikacin da giratutinsa ya tafi a motar haya da ta kwanta cikin shekara, ko a shagon da 'yan bashi suka cinye. Mutum ya yi shekara 35 yana rubutu a ofis, rana ɗaya ya ce shi ɗan kasuwa ne. Tsarin ya ɗan buɗe tagogi biyu. Wanda ya rasa aiki kafin shekara 50 ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana iya karɓar kashi 25 na abin da ya tara. Tun 2022 kuma ana iya amfani da har kashi 25 a matsayin kafin alƙalami na bashin sayen gida, ko da yake wannan ya fi dacewa da mai sayen gida a Abuja fiye da mai ɗora bulo ɗai-ɗai a fegin gado.

Abin da zai sa telan Kankiya ko mai sayar da kayan miya a gefen madatsar ruwan Kusada su shiga, ko su ƙi, ba a dokar haraji yake ba. Kamfanonin fansho ofisoshinsu na manyan birane, mai son ganin fuskar wanda ya ba ajiya sai ya hau mota zuwa Katsina ko Kano. Uwar adashi kuwa ga gidanta can, an san mijinta, an san inda za a kai ƙara. Ranar da zuba ɗari biyar a asusun fansho ya zama kamar tura kuɗi a wajen mai POS na bakin tasha, saƙo ya shigo nan take da Hausa yana faɗin jimillar da ta taru, kuma aka ga tsoho ɗaya a unguwa yana karɓar nasa duk wata, ba sai an yi gangami ba. Kafin nan, shawarar da zan ba ƙanina ita ce ya riƙe gonarsa da akuyarsa, ya buɗe asusun don canjin da kan salwanta a aljihu, ya nemi rukuni na shida in zuciyarsa ta fi kwanciya da shi. Ma'aikacin da ake cire wa kuma ya riƙa duba bayanin asusunsa duk wata uku, kada ya jira sai gashi ya yi fari ya gano shekara huɗu ba a tura komai ba.

Akwai kuma wani ƙaramin abu da ke tsayar da mutane a bakin ƙofa bayan sun gama komai daidai. Asusun nan da shekaru ake buɗe shi, shekaru kuma takarda ke faɗa. Yawancin waɗanda aka haifa a ƙauyukan Kusada da Rimaye da Ingawa shekara hamsin da suka wuce ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, an dai ce shekarar fari ce ko shekarar da aka naɗa hakimi. Hedimasta ya ƙiyasta ɗaya ranar shiga aji ɗaya, aka rubuta wata a fayil ɗin kama aiki, yaron da ya yi rajistar lambar ɗan ƙasa ta NIN ya buga ta uku. Sunan ma haka: Muhammadu a nan, Mamman a can, sunan gari a wata takardar, sunan uba a wata. Kwamfutar hukumar fansho ba ta san cewa duk mutum ɗaya ne ba. Mai shekara 40 zai iya gyara wannan cikin 'yan makonni, da rantsuwar kotu da zirga-zirga biyu ko uku zuwa Katsina. Mai shekara 60 da albashi ya riga ya tsaya, da wace motar zai yi zirga-zirgar?